Shekara Bakwai a Kan Dutse

Ladan bai gama kiran asuba ba
Ɗayyabu ya tsaya a kaina, takalmi a hannu:
"Baba, yau ce."
Yau ce mana. Kalanda ta ce shekara bakwai.
Iya Tabawa ba ruwanta da kalanda,
ta ce ita dai ranar da ya faɗo duniya
ana ɗaurin gero a gonar marigayi,
ga shi kuma ana ɗaurin gero, lissafi ya cika.

Uwarsa ta so a yi taro a tsakar gida,
kujerun haya, lemo, yaran unguwa.
Shi ko abu guda ya roƙa tun damina:
dutsen nan da muke hange
in mun bar Daura ta hanyar gona,
a kai shi ya ga abin da ke samansa.

Muka ajiye mota a gindin kuka.
Sahura ta goya ƙaramar, ta ɗauki kwalin kek,
ni jarkar ruwa da tabarma,
Iya ta ce sandarta ta ishe ta kaya.

Kaka ta yi kyau bana.
Dawa ta sunkuya, kanta ya yi ja,
dammunan gero jingine da juna
kamar dattawa a bakin masallaci.
Wani mai tugar gyaɗa ya ɗago ya ce sannunku,
ya cika wa yaron aljihu har da ƙasa.
Fara na tashi a gabanmu, tsit, tsit,
ƙarangiya ta kama safa ta ƙi saki.

A gindin dutsen Iya ta nemi inuwar aduwa.
"Ku hau ku dawo, ni na hau nawa."

Na ɗauka zan riƙa jan hannunsa.
Sau biyu na tsaya ina haki,
ina yi kamar ɗaurin takalmi nake gyarawa.
Daga sama ya leƙo: "Baba, ka gaji?"
Na ce kallon gari nake.

Kuma garin ya isa kallo:
rufin kwano na ƙyalli can nesa,
hasumiya kamar tsinken ashana,
tirela na rarrafe a titi ba a jin kukanta.
Ya nemi gidanmu ya rasa,
ya zaɓi wani ya ce wannan ne. Na bar shi.

Kek ɗin bai ji daɗin tafiyar ba,
ya kwanta gefe guda, sunan ya narke,
saura "Ɗayya" da rabin fure.
Kyandir bakwai, ashana goma sha ɗaya,
iska ta riga shi hurawa kowane karo.
Sahura ta yi dariya har goyon ya farka.

Sai ya ciji gyaɗar aljihunsa ya yi shiru.
Ya tofa a tafin hannu:
haƙorin da ya yi mako yana lilo,
ɗan fari, da ɗigon jini.
Ya duba dama, ya duba hagu,
ƙadangaru sun fi ashirin a kan dutsen
kowanne na gyaɗa kai.
Iya ta taɓa gaya masa
in ƙadangare ya ga giɓin, wani ba zai fito ba.

Haka ya sauko da hannu a baki,
bai ce uffan ba har gindin aduwa,
inda ya buɗe wa Iya ita kaɗai, a cikin mayafinta.

Yanzu ya yi barci da ƙarangiya a wando.
Haƙorin na cikin kwalin ashana,
ya ce gobe shi zai jefa a rufin ɗaki da kansa.
Gwiwoyina ne ba su yi barci ba,
suna ta lissafin nasu shekarun.