Ɗan Aiken da Ba Ya Riƙe Littafi

Ƙanƙara ta danne rufin kasuwar Tabriz.
Ni da Baba muna shago, shayi ya huce.
Kwana tara ba mu ji muryar Elshan ba,
an toshe hanyar da gaisuwarsa ke bi daga Hambug.

Na buɗe waya. VPN sun fi arba'in,
wannan da garkuwa, wancan da kwaɗo,
kowa na rantsuwa shi ne rijiyar sirri.

Baba Yadulla bai ɗago ba,
yana ɗinke bakin darduma inda asu ya ci.
Ya ce, mene ne aikinsa?

Na ce, ɗan aike ne.
Ka ba shi wasiƙa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa,
mai gadi bai gani ba.

Ya ce, shi ɗan aiken fa, makaho ne?

Na rasa ta cewa.
Na nuna masa wani: ga na kyauta.
Ya ciji zare ya tofar.
Shekara hamsin ina kasuwar nan, Nargila,
ban ga mai biyan hayar rumfa don ya raba kaya a banza ba.
In bai taɓa jakarki ba,
duba da kyau, ke ce a kan sikeli.

Sai ya tuno wani direba, Ƙurban,
mai kai wasiƙu ƙetaren kogi muna yara.
Ran da aka tare shi aka zazzage motar,
ɓawon gyaɗa suka samu, da tsumman mai.
Ya iya karatu sarai, in ji Baba,
littafi ne kawai ba ya riƙewa.
Abin da ba ka rubuta ba,
ko an matse ka ba ya ɗiga.

Ya kife dardumar a gwiwarsa.
Fuska ta mai talla ce,
mai saye baya yake juyawa ya ƙirga ƙulli.

Na juya nawa.
Ƙananan rubutun da ido ke tsallakewa
na bi su layi-layi har fitilar maƙwabci ta mutu:
a wace ƙasa gidansa yake,
wa ke iya buga masa ƙofa da tsakar dare,
wane baƙo ya taɓa shiga ya bincika ɗakinsa
ya fito ya faɗa da sunansa.
Talatin da wani abu suka zube.
Cikin ragowar na ɗauki ɗaya,
ba don zuciyata ta kwanta ba.
Kuɗin wata guda na biya.

Waya ta yi ƙara sau uku.
Elshan ya ce, Baba?

Baba ya rufe ta da tafin hannu, ya raɗa min:
yau zancen sanyi kawai za mu yi, da ciwon gwiwata.
Sabon jaki, ba a fara masa da buhun gishiri.