Buhun Baba

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
sitona ƙofa ɗaya gare shi, taga babu.
Ran Laraba na soka hannu cikin dawa
sai na ji ɗumi, ɗumin da ba na rana ba.
Na zaro hannun fari fat da gari,
ni kuwa ban kai niƙa ba.

Na kara kunne jikin buhu, yadda Baba ke yi.
Ƙis-ƙis-ƙis, can ciki.
Baƙi sun sauka ba sallama,
suna cin tuwon da ban miƙa ba.

Rariya ce alƙalin wannan shari'a.
Na girgiza, suka zubo kan farin zane.
Ga baƙi mai dogon baki kamar basilla,
shi ke huda ƙwaya ya ajiye ɗansa ciki,
ya liƙe ƙofa, ka saya ba ka sani ba.
Ga ja, ɗan siriri, mai gudun tsiya,
ba ya huda, jira yake a fasa masa,
ya bar wa gari warin da miya ba ta rufewa.
Na ukun bai fito ba.
Rigunansa kawai na gani a bakin ɗinki,
saɓar tsutsa mai gashi, ruwan ƙasa,
tari guda kamar ƙaiƙayi.

Nan take na ɗora wa Attijani,
mai gyaɗa, bango ɗaya ya raba mu.
Kwana uku ban sha shayinsa ba,
gaisuwarsa ma da ka nake amsawa.

Mudassir mai feshi ya zo da tocila.
Ko kallon bangon Attijani bai yi ba.
Ya durƙusa yana bin tsagar daɓe
kamar wanda allurarsa ta faɗi,
har lungun da ba na bari a share.
Ya ce, "Wannan fa, na yaushe ne?"

Buhun Baba ne.
Dawar daminarsa ta ƙarshe,
shi ya ɗinke bakin da hannunsa,
ga ƙullin nan nasa mai kunne biyu.
Shekara shida tsintsiyata na kewaye shi.
Mudassir ya danna da yatsa, buhun ya lotsa.
Ba dawa a ciki, sai gari da saɓa da motsi.
"Mai gashin nan," in ji shi, "gwanin azumi ne.
Sai ya laɓe a tsaga, damina ta zo ta wuce,
yana jiran ka kawo sabo."

Muka fitar da kaya da tsakar rana,
muka baza, zafin Gadarif ya karɓi aiki.
Muka share, muka toshe tsaga da siminti,
buhuna suka hau katako, taku ɗaya daga bango.
Sauran ya lulluɓe da tamfol, ya sa maganinsa,
ya datse kwaɗo da hannunsa, ya ce mako guda
kada yaro ya leƙa, kada mai gadi ya kwana kusa.
Dawar gida kuwa Ihlasu ta juye a ganga mai murfi,
ta barbaɗa busasshen ganyen dogonyaro.

Buhun Baba ni kaɗai na ɗauka.
Ba nauyi, sai ka ce matashin kai.
Bayan gari na ƙyasta ashana,
amma kafin wuta ta kama na yanke ƙullin.
Sau biyu na duba shi a hasken rana
kafin in yarda ya shiga aljihuna.

Da la'asar na ja benci a ƙofar Attijani.
Bai tambaye ni inda na shiga ba.
Ya ɗaga wa mai shayi yatsa biyu.
Na hura kofi, na ce ba tare da na dube shi ba,
"Gobe ka tankaɗe gyaɗarka.
Nawa ne, kuma sun san hanya."