Wutar da Ba Ta Hayaƙi

A tashar kashe gobara ta Gadarif
dare tsawo gare shi kamar igiyar rijiya.
Mota a tsaye, tiyo a naɗe,
mu bakwai kan benci muna jiran jiniya.

Babikir ne ya fara nuna min.
Ya zaro ɗan gwangwani daga aljihun ƙirji,
ya mulmula tumbak tsakanin yatsu uku,
ya ja leɓen ƙasa kamar bakin jaka, ya ajiye.
Ya ce, "Gambo, mu da ke cin hayaƙi kyauta a bakin aiki,
me zai kai mu sayensa kara-kara?
Wannan ba ashana, ba toka,
ko gindin tankin fetur ka sa abinka."
Na ga maganar ta hau. Na miƙa hannu.

Daren farko ƙasa ta juya da ni,
na rungumi tayar mota ina kelaya amai,
suna dariya har mai shayi ta leƙo.
Dare na goma ni ke tambayar wa ke da saura.

Shekarar da siton riɗi ya kama a kasuwa,
buhuna na fashewa, mai na gudu a ƙasa yana ci,
Babikir ya shiga sau uku.
A na ukun ya fito da maigadi a kafaɗa,
gashin girarsa ya tafi.
Bai nemi ruwa ba.
Ya lalubi aljihu da hannu mai rawa,
ya cusa, ya lumshe ido,
sannan ya ce alhamdu lillahi.

Kowace safiya muna duba kaya:
tiyo ko ya tsage, tsani ko ya yi sanyi.
Ofisa Mahjub har hular kwano yake shafawa
da ɗan yatsa, yana neman tsaga.
Ba wanda ya taɓa cewa, buɗe baki mu gani.

'Yarsa Ihsan ce ta hango,
ran da ya zo ɓare mata rake ya kasa.
Farin tabo a dasashi, bai kai farcen jariri ba.
Ya ce kanwa ce ta ɗan ci wurin,
ya mayar da ajiyarsa ɓangaren hagu.
Wata takwas yana kauce wa tabon
kamar mai kauce wa layin da ake bin sa bashi.

Mu da muka san wutar da ke kwana cikin auduga,
ba harshe, ba hayaƙi,
sai ka ɗaga buhu ka tarar ciki ya zama gawayi,
mu ne muka kasa gane ta
a bakin wanda muke cin kwano ɗaya da shi.

Ya dawo daga asibitin Madani
da ɗinki tun daga leɓe har ƙasan kunne.
Kunu yake sha a cokalin yara.
Ya kira ni, sunan ya fito babu leɓe a cikinsa.
Ya turo min gwangwanin kan tabarma.
Na buɗe. Babu taba,
sai gutsuren madubi da Ihsan ta manna a murfi.

Yau kwana goma sha tara.
Da sun fi haka, amma na karya sau ɗaya
daren da muka fito da yaro daga gidan kara,
na sake ƙirga daga farko.
Na tauna asuwaki har ya zama tsumma,
na yi wa direba tsawa a kan banza, na ba shi haƙuri.
Harshena bai daina komawa wurin ba
kamar akuyar da ke neman tsohon turke.

Da asuba, kafin in duba tiyo,
nakan juya baya ga sauran, in buɗe murfin,
in ja leɓena ƙasa.
Jiya sabon yaron da aka kawo mana
ya tambaye ni me nake nema a ciki.
Na ce, zo kusa da fitila. Buɗe naka.