Farar Waya

Ƙarfe huɗu na asuba a Dakota ta Arewa,
sanyin da ke daskarar da yawu kafin ya kai ƙasa.
Maruƙa goma sha ɗaya na huci cikin tirela,
gwanjon garin Rugby kuwa ba ya jiran kowa.

Na taka birki a bakin shinge.
Ɗan akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari
ya ƙifta ido, ya nuna lamba, ya haɗiye ta,
wai babu tirela a bayana.
Babu? To kukan wa nake ji?
Na ba da sigina ta hagu, ta dama ma ta amsa,
dishi-dishi, kamar mai jin nauyin magana.

Na tashi Duane Kvamme daga barci.
Ya ce, "Marlys, ƙyale akwatin, bai yi miki ƙarya ba.
Lantarki baƙo ne mai tsoro,
ba ya shiga inda bai ga hanyar komawa ba.
Shuɗiyar waya ce ke kai shi.
Ki tambayi fara, mai dawo da shi."

Fiyus lafiya lau.
Fulogi mai ƙafa bakwai, biyu sun yi kore
da gishirin da ake watsa wa titi.
Na kankare su da wuƙar aljihu. Shiru.
Tocila a haƙora, yatsu sun daina jin kansu,
na jawo waya mai kauri daga ƙafar batir
na maƙala ta a tsiraicin ƙarfen tirela.
Lamba ta fito ta tsaya cak.
Ashe nan gizo ke saƙar.

Na kwanta rigingine a kan ƙanƙara,
na bi farar taƙi bayan taƙi
har inda ta ƙare a wuyan wani sukuru.
Ƙarƙashinsa jan fenti ne, shafi uku,
sumul, ko ƙwarzane babu.
Aikin babana ne, Orrin,
bazarar ƙarshe kafin hannunsa ya soma rawa.
Ya kwance wayar don kada ta ɓaci,
ya shafe ƙarfen don kada tsatsa ta ci,
ya mayar, ya ɗaure tamau.

Wata takwas ke nan wuta na satar hanya,
tana komawa gida ta ƙwallon jan tirela,
ƙarfe kan ƙarfe, ba wanda ya sani.
Jiya da yamma ni kuma na laƙa masa giris
don na ji yana kuka.
Shi ya rufe ƙofa da kulawa,
ni na toshe taga da tausayi.

Na goge fentin da samfefa,
daidai faɗin kwabo, ban ƙara ba,
sai da ƙarfe ya yi fari kamar ciki na kifi.
Sabon zobe, wasa mai haƙora, sukuru.
Na danna madannin hannu,
na ji ƙafafun tirela huɗu suna gunji a hankali
irin na kyanwar da ta ƙoshi.

A gangaren rafi na taka,
nauyin baya ya tsaya tare da ni, bai ture ni ba.

Lahadi zan je Minot in gan shi.
Zai tambayi tirela, ita kaɗai bai manta ba.
Zan ce fenti na nan yana sheƙi.
Jan garin da ke cikin faratana
zan bar shi sai ya fita don kansa.