Jarrabawar Kwarumba

Littafin na hannuna, tambaya ɗari da bakwai,
kowace da amsarta a ƙasa, an ɗaure tamau kamar damin dawa.
Shekara uku na yi ina haddace su a makarantar Baibul,
na dawo Mogode da takalmi sau-ciki, ina taka duwatsu da ƙarfi.

Masu neman baftisma su tara ne a kan benci.
Ta ƙarshe Kwarumba, matar marigayi Deli mai tufka igiya,
haƙoranta huɗu, diddigenta duk faso.

Na ce, Wane ne Yesu?
Ta ce, Babban ɗan Allah ne.
Uban ya tsufa, hawa da sauka sun yi masa wuya,
sai ya aiko yaron ya duba gona.
Na ce, Iya, Uba ba ya tsufa. Shi da Ɗa daidai suke,
babu na gaba, babu na baya, tun fil azal.
Ta ce, To. Gidansu ne, su suka sani.

Na ce, Da me ake samun ceto?
Littafi ya ce alheri kaɗai, ba aikin hannu ba.
Ta ce, Gyaɗar da na auna wa makauniya a shekarar fari
ba ta faɗi ƙasa banza ba. Akwai mai riƙe da mudu.

Na ce, Matattu fa?
Ta ce, Deli na nan. Jiya ma na gaya masa rumbu ya tsage.
Ina roƙa masa sassauci,
don ya tafi da bashin akuya a wuyansa.
Na ce, Bayan mutuwa sai hukunci, ba ƙari, ba ragi.
Ta dube ni kamar mai kallon yaro cikin rigar ubansa.

Gefen sunanta na rubuta: a ƙara mata shekara.

Sauran takwas sun ci, don bakinsu ya riƙe amsa.
Amma na san Tizhe na matashi da Sabon Alkawari saboda mayu,
bai san baƙi ko ɗaya ba.
Na san Masi na ɓoye ruwan baftisma a kwalba don idon jikanta.
Dattijon ikilisiya da kansa, kafin ya sayi saniya,
sai da ya zaga Rumsiki ya ji ta bakin ƙaguwa,
ranar Lahadi ya riƙe kwandon baiko.

Da zafi ya kankama sanƙarau ya kama 'yata Kuve.
Babur ya tafi Mokolo neman allura, dare ya raba bai dawo ba.
Na buɗe baki in yi addu'a,
sai tambaya ta arba'in da ɗaya ke fitowa, da amsarta.

Kwarumba ta shigo ba sallama, ta ajiye ƙwaryar kunu,
ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara.
Ta ce, Yesu, kai ma ɗan wata ne.
Ka tuna yadda uwarka ta tsaya ranar nan.
Tafi ka gaya wa Tsohon, in barci yake ka tashe shi.
Deli, in kana kusa, raka shi, ka fi shi sanin gidan nan.

Kurakurai uku na ƙirga a numfashi ɗaya.
Na ce amin. Da ƙarfi na faɗa.

Babur ya iso da asuba.
Kuve ta tashi, kunnenta na hagu bai dawo ba.
Shekarar da na ƙara wa Kwarumba kuwa ba ta cika ba,
ta rasu ana tsakar girbi, ruwa bai taɓa kanta ba.
Fasto ya tambaye ni a wane gefe za a haƙa.

Har yau ina koyar da littafin, ban soke ko layi ba,
na gaskata abin da ke ciki.
Takardar nan dai tana tsakanin shafi na sha biyu da sha uku,
da rubutun hannuna mai kyau.
In na zo tambayar farko nakan ɗan jira,
in ji abin da za a ce kafin in duba ƙasa.