Igiyar da Ke Cikin Ƙirji

Shekara talatin da ɗaya Baba na shafa wa igiyar ƙarfe mai,
igiyar da ke jan taragon fasinja
daga bakin teku zuwa kan tudun Valparaíso.
Da asuba yakan bi ta da tsumma a tafin hannu.
Inda tsumman ya maƙale, nan sili ya tsinke.
Yakan ce, "Ximena, igiya ba ta mutuwa ranar da ta katse.
Tun tuni take mutuwa, sili-sili, daga ciki,
gishirin teku na ci, mai na rufa asiri."

Wata Talata yana ɓare lemo a bakin taga
ya ce wani abu ya yage tsakanin kafaɗunsa
kamar an keta sabon yadi.
Bai gama ɓare lemon ba.

Yau ga ni a ɗakin bincike, hawa na uku,
ruwan Yuli na dukan gilashi,
na sunkuya kan madubin da ke mai da ƙwayar ƙura dutse.
Yankin babbar jijiya ne, sirantarsa ta fi bawon albasa.
Ba na Baba ba ne.
Na wani ne da ban sani ba, lamba kawai aka ba ni,
amma na san gidan.

Bango ne mai rufi uku.
A na tsakiya zarurruka sukan kwanta a jere
kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa da kyau.
A nan kuwa sun tsittsinke, sun bar gurbi,
masu tsaron wurin sun ƙaura.
Wasu ƙwayoyin sun naɗe kansu sun mutu shiru,
kamar tsohuwar da ta share ɗaki kafin ta kwanta.
Wasu fashewa suka yi, suka watsa kayan cikinsu,
kururuwar ta kai kunnen fararen ƙwayoyin jini.

Suka zo, bayin Allah, da niyyar ceto.
'Yan kwana-kwana ne da gatari a kafaɗa,
sun sare ƙofa, sun sare ginshiƙi,
suna neman wutar da su ne ke hura ta.
Gobara daga kogi.
Wa za ka kira, tunda mai kashewa shi ne mai kunnawa?

Zuciya kuwa ba ta da labari.
Tana ta bugu, saba'in a minti,
bangon na saki, yana kumbura a hankali
kamar tayar keken da ta yi ƙulu,
babu zafi, babu tari, babu ko atishawa.
An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Ƙadangaren nan ja ne, kuma ɗan gida ne.
Ya kutsa tsakanin rufi da rufi,
ya haƙa wa kansa hanyar ƙarya,
ya bi ta da gudu har inda ba a dawowa.

Dakta Paillán ta leƙo ta ce in ƙirga gawawwakin,
in rubuta adadi a layi na huɗu.
Na ƙirga. Ɗari biyu da sha bakwai.
Ban rubuta cewa kowace ɗaya sili ce ba.

Da yamma na hau taragon.
Wani yaro, Nibaldo, shi ke riƙe da tsumman yanzu,
yana bin igiyar da hannu, kansa a karkace,
kamar mai sauraron sirri.
Na kira ƙanena Anselmo tun muna tsakiyar tudu.
Na ce Litinin za a haska ƙirjinsa, na riga na karɓi kati.
Ya yi dariya, ya ce lafiyarsa lau.
Na ce na sani.
Baba ma lemo yake ɓarewa.