Sunayen Jikin Jirgi

Takarda ta zo daga Maradi da hatimi biyu,
tana so a faɗa mata, gurbi-gurbi,
inda jirgin Neino ya ji ciwo
daren da Gulbi ya tumbatsa cikin tafki.
Ni ce ƴar lakwal a gidan,
ni aka miƙa wa biro.

Mun tarar da shi kife a bakin Madarunfa,
gindin kukar da ruwa ya kai wa ƙugu,
bayansa baƙi wuluk da kwalta,
wani balbela na tsaye a kai kamar shi ya saya.

Na ce, Baba, sun tambayi gaba.
Ya ce, gaba ta mota ce, Tsahara,
jirgi goshi gare shi. Rubuta goshi.
Shi ke fara gaisawa da ruwa,
shi ke shan mari in iska ta taso da la'asar.
Can tsini, inda katako biyu suka haɗa baki,
hanci ne. Nan ake zura igiya
yadda ake yi wa san noma.

Babu gurbin hanci a takardar.
Na matse shi a gefe da ƙananan baƙaƙe.

Ya bi doron da tafin hannu, a hankali,
daga wannan ƙarshe har wancan.
Ƙashin baya ke nan. Maɗaci ne.
Arzika ya fere shi da gizago
shekarar da aka haife ki, kafin idonsa ya tafi.
In wannan ya karye kada ki nemi ƙusa,
nemi mai tuyar ƙosai, ta ba ki kuɗin itace.

Muka birkice shi, ni da ƙanena Labo.
Ruwan jiya ya zubo da karfasa guda,
ƙarama, ta riga ta sandare.
Ciki, in ji Baba. Ba sai na gaya miki ba.
Waɗannan da suka tanƙwara, haƙarƙari,
bakwai dama, bakwai hagu.
Ya shiga ƙirga da yatsa,
a na huɗu tari ya tare shi,
ya dafa nasa da ɗaya hannun
har ya wuce.
Uku sun tsage, ya ce. Rubuta uku.

Leɓe kuwa ni na gane shi da kaina,
bakin nan da ya kewaye jirgin duka.
Ta dama akwai wani ɗan kwari mai santsi
inda filafili ya yi damina goma sha bakwai yana goga.
Na ce, wannan ma ɓarna ce?
Ya harare ni.
Wannan aiki ne.

Sai ƙurya.
Bai ce komai ba game da ƙurya.
Nan yake zama tun kafin assalatu,
nan ƙwaryar kwarfe ruwa take,
da gwangwanin goro, da tsumman toshe ɓula.
Katakon ya ɗauki siffar zamansa.
Yanzu akwai rami a wurin,
ana hango laka ta ciki.

Gurbin ƙarshe ya ce: ƙimar asara.
Na karanta masa sau biyu.
Ya dubi tafki, wani yaro na jefa birgi can nesa,
ya dubi kukar.
Sa jika arba'in, ya ce,
wannan yaren suka fi ji.
Ya ɗora gwangwanin kwalta bisa duwatsu uku
ya aiki Labo neman kara.

Takardar ta koma Maradi a aljihun mai kabu-kabu.
Har yau shiru.

Da dare Inna na shafa masa man zafi a tsakar gida,
fitilar hannu a bakina, ina haska mata.
Goshi. Leɓe. Ƙashin baya.
Hannunta ya gangara ta dama,
ɗaya, biyu, uku,
na ji ina ƙirgawa ban shirya ba.
A na huɗu ya ja numfashi ta haƙora
ya ce, nan ne, bi a hankali.